Audrey Hepburn ta ambaci telanta, namu fa?

Ana saura mako biyu Sallah na leƙa shagon wani tela a Fagge, na tarar da wata baiwar Allah ta ɗora atamfarta a kan keke tana miƙa masa waya. "Malam, irin wannan nake so, har hannun." Hoton wata jarumar Kannywood ne a wajen biki. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ƙura wa wuyan rigar ido, ya ce an gama. Na tambayi wanda ya ɗinka na asalin. Daga ita har shi babu wanda ya sani.

Nan Audrey Hepburn ta faɗo mini a rai, jarumar da aka haifa a Beljiyam a 1929, ta rasu a 1993. A 1953 ta je Paris wurin wani matashin maɗinki, Hubert de Givenchy, wanda bai daɗe da buɗe shagonsa ba. Shi kuwa ya ɗauka shahararriyar jarumar Amurka Katharine Hepburn ce za ta zo, sai ga siririyar yarinya. Kayansa ta saka a fim ɗin Sabrina na 1954, amma Edith Head, mai kula da suturar fim ɗin, ita ce ta karɓi kyautar Oscar ta sutura, sunansa ko a rubutun fim bai fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Audrey ba ta bar abin haka ba. Ta riƙe shi kusan shekara 40, tana kiran sunansa duk inda aka yaba adonta. Da aka yi gwanjon wata baƙar riga da ya yi mata don wani fim na 1961 a Landan a 2006, fam 467,200 aka saye ta. Yadin bai kai haka ba, sunaye biyun da ke jikinsa aka biya.

To mu a Kano, jaruma ɗaya ta saka ɗinki, washegari 'yan Kantin Kwari sun ga ciniki. Telan da ya kwana a kan keke yana jiran wuta kuwa, sai dai kuɗin ɗinki, wani lokacin ma da ciko. Za a ce ai wasu na saka sunan shago a Instagram. Gaskiya ne, amma yawanci sai an ba su kayan kyauta, wannan kuwa talla ce. Abin da nake nema bai wuce layi ɗaya a ƙarshen fim ba, kusa da na mai kwalliya: wane ne ya ɗinka.