Na Nemi Injin Tsotsar Ƙura, An Ce In Je In Sha Madara

Tun la'asar ɗin jiya raina yake a ɓace, kuma na ga in ban amayar da abin nan ba zai zame mini ciwo. An ci kuɗina, wannan ɗaya. Dariyar da aka raka ni da ita har bakin titi kuwa, ita ce ta hana ni runtsawa.

Ni kafinta ne a nan Kano. Da gado da kujera na fara kamar kowa, daga baya hannuna ya faɗa kan haɗa jita da gyaranta. Masu kawo mini aiki 'yan coci ne daga Sabon Gari da yaran situdiyo, jefi-jefi kuma makaɗa daga Damagaram ko Agadas su aiko a miƙar musu da wuyan jita da ya lanƙwashe. Shagon ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, ni da yara biyu da iyayensu suka damƙa mini amana.

Duk kafinta ya san ƙura, amma ta mai jita daban take. Fuskar jita sai an rage kaurinta ya dawo wajen milimita 3 ko ƙasa da haka, in ba haka ba ba za ta yi amo ba. Ka fara da samfefa mai lamba 80, ka koma 120, ka hau 220, har 320, kana gogewa kana ƙwanƙwasa katakon da yatsa kana kasa kunne. Hancinka bai fi taki ɗaya da aikin ba. Garin zarto yana da nauyi, ya zuba ƙasa ka share. Na samfefa kuwa, yadda lambar ke hawa haka yake ƙara laushi, ya tsaya a iska ya ƙi sauka, a kashe inji a je salla a dawo yana nan yana jiran mutum. Ranar da muka goge maɗaci, ɗacin yana maƙogwaro har wajen cin tuwon dare, in ka fyace majina ja ce. Loko yana sa ƙaiƙayi da toshewar ƙirji. Obeche, farin katakon nan mai laushi da kowa ke rainawa, sananne ne wajen jawo asma. Mansoniya kuwa har haɓo take sa mutum, da atishawa ba ƙaƙƙautawa. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, shekarunsa na ƙarshe a zaune yake kwana saboda tari, kowa yana cewa sanyi ne.

Ƙaramin yaron shagona ya fara irin wannan tarin da daddare, mahaifiyarsa ta aiko tana tambaya ko lafiya. Shi ya sa na matse bakin aljihu na tara kuɗi don in sayi injin tsotsar ƙura, irin mai siririn tiyo da ake jonawa a bayan injin samfefa na hannu. Babban nan mai bututun inci 4 da buhu a rataye na masu manyan injuna ne, ba shi da ƙarfin jan iska ta ƙaramin rami. Na yi wa mai sayarwa bayani dalla-dalla cewa mai matatar HEPA nake so, wato matatar da ke tare ƙura mafi laushi. Ya nuno mini kwali, ga rubutun nan ɓaro-ɓaro a jiki. Na biya, ya rubuta rasit.

Da na jona na fara goge bayan wata jita, hasken rana ya ratso ta taga, sai na ga jan hayaƙi yana fesowa ta bayan injin. Na kashe na buɗe murfi. Babu wata matata. Wani siririn soso ne kawai aka liƙa, irin na wanke-wanke. Wato injin yana kwashe garin mai nauyi, wanda dama ba shi ne matsalar ba, mai laushin kuma mai shiga huhu ya watsa shi ko'ina cikin ɗakin da ƙarfin fanka. Gara a ce babu shi.

Na mai da shi cikin kwalinsa na koma kasuwa. Yaron da ya sayar mini yana kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kai a cikin waya. Ni sa'an ubansa ne. Na yi sallama, ya amsa a ciki-ciki bai ɗago ba.

Na ce, "Samari, sannu da aiki. Injin nan da ka ba ni, babu matatar da muka yi magana a kanta."

Ya ce, "Ba ya tashi ne?"

Na ce yana tashi.

"Ba ya ja?"

Na ce, "Yana ja, amma abin da ya ja ta gaba yana feso shi ta baya."

Sai a nan ya ɗago kai ya dube ni sama da ƙasa. "To Baba, iska ai dole ta fita. So kake ya haɗiye ta?"

Na danne zuciyata. Na durƙusa a gabansa, ni da furfurata, na buɗe murfin na zaro soson na miƙa masa. Na ce matatar gaskiya takarda ce mai ninki-ninki, da roba zagaye da bakinta don kada iska ta bi ta gefe. Na ce wadda ta cancanci sunan da aka rubuta a kwalin nan tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ƙanƙantarta ta kai maikiron 0.3, alhali silin gashin kan mutum ya kai wajen maikiron 70. Wannan soson kuwa in ka ɗaga shi sama kana hango rana ta cikinsa. Ya karɓa da yatsu biyu, ya juya shi, ya cillo mini shi cikin kwalin.

"Ai shi ne hefa ɗin. Na wannan kamfanin haka yake zuwa."

Muryata ta ɗan tashi, ba zan ɓoye ba. Alhaji mai shagon ya leƙo daga ciki ya ce, "Kai, mene ne?" Yaron ya ce, "Wai ƙura ce take shigar masa hanci, Alhaji." Da wata irin murya ya ja wannan "wai" ɗin, har na shagon kusa suka fara murmushi suna matsowa.

Na miƙe na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Alhaji, barka da yamma, Allah ya ƙara kasuwa. Ba rigima ce ta kawo ni ba. Ko kuɗina ma ban ce a mayar mini ba. A canza mini da mai matata, in akwai ciko in cika."

Ya ce, "Malam, wace sana'a kake yi?"

Na ce kafinta ne, jita nake haɗawa.

"Jita? Ta kiɗa?" Ya juya ya kalli maƙwabtansa, ya tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ga kafinta mai tsoron ƙura! Malam, kakanninmu da suka sassaƙa turmi da akushi wane inji suka jona? In ka tashi daga aiki ka sayi madarar gwangwani ka kora, tana wanke ƙirji tas. Duk yaran 'yan katako haka suke yi."

Aka kwashe da dariya. Wani har da buga benci.

Na ce, "Alhaji, yara biyu ne a hannuna, 'ya'yan mutane. Ɗaya ya fara tari."

Ya nuna mini wata takarda da aka manna a jikin ƙofa, kaya in ya fita ba ya dawowa. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka riga ka buɗe ka cika shi da datti. Wa zan sayar wa?" Na ce in ban buɗe ba ta yaya zan san babu abin da na biya a ciki? Ya ce wannan tsakanina da wanda ya ƙera, shi ma a kwali ya gan shi. Ya shige ciki. Yaron ya koma kan wayarsa, ya ce, "Baba, ɗan janye kayanka daga hanya, kwastoma na zuwa."

Ni da na zube masa kuɗin gumina, daga ranar da ya rubuta rasit na tashi daga kwastoma na koma abin da ke tare hanya.

Bari in ba Alhaji amsar da baƙin ciki ya hana ni ba shi a can. Masassaƙin turmi da gizago yake aiki, a inuwar bishiya, iska na kaɗawa, ɓarɓashi ne ke faɗuwa a ƙafarsa. Bai taɓa rufe kansa a ɗaki da injin da ke karkarwa fiye da sau 10,000 a minti ɗaya ba. Madara kuma ciki take tafiya, ƙura huhu take tafiya, hanyarsu ba ɗaya ba ce, ko ɗan firamare ya san wannan. Wannan maganar ta madara ta daɗe tana kashe mana mutane a 'yan katako da wajen masu fenti da masu fasa dutse. Tun 1995 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta cikin hanci. A Ingila doka ta ce ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace mita kubik ta iskar wurin aiki. Miligiram! Mu a nan da tsintsiya da kwano muke kwasar tamu, wanda ya nemi ya rage kuma a tara masa jama'a a yi masa dariya.

Kuma kada wani ya ce mu ba mu da doka. Dokar masana'antu ta 1987 tana nan a rubuce, har da batun fitar da ƙura da hayaƙi daga wurin aiki. Tun da na fara riƙe zarto ban taɓa ganin wani jami'i ya shigo ya dubi iskar da muke shaƙa ba, ko ya ce ga irin takunkumin da ya dace. Masu rasit kuwa ba sa ɓata hanya. Na kuɗin shago ya zo, na allon talla ya zo, na shara ya zo. Su tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, su miƙo takarda daga nesa don kada ƙurar ta taɓa musu riga, su karɓa su wuce. Sun gani da idonsu. Sun san abin da muke ciki.

Wa ya bar kwali mai ƙaryar rubutu ya ƙetaro teku, ya wuce tashar jirgin ruwa, ya wuce shingayen hanya daga Legas har Kano? Ɗan'uwanmu ne yake zuwa masana'anta ya ce a cire masa matata a rage masa kuɗi, amma a bar rubutun. Wasu kuma aikinsu ke nan su duba, suna karɓar albashi a kai. An yi wa dazukan Taraba ƙarƙaf, madobiyar nan da 'yan katako ke kira madrid ana loda ta kwantena-kwantena zuwa Sin, har sai da aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018 ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa mai sa ido kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa. Itacen da ya kamata a ce mu ne muke sarrafa shi ya fita, tarkace ya shigo mana.

In ka ce za ka nemi na gaske daga waje, dala ta tare ka. Kafin tsakiyar 2023 tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin a yi nisa cikin 2024 ta haura 1,500. Ko ka samu injin, da me za ka tayar da shi? Irin wannan yana cin sama da wat 1,000 shi kaɗai. Wuta sai ta ga dama, ta zo tsakar dare ta tafi kafin asuba. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar injin samfefa da na tsotsa lokaci guda, sai ka zaɓi ɗaya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce an cire tallafin mai, kowace lita sai ka yi lissafi kafin ka zuba. Kullum a rediyo ana ce wa matasa su kama sana'ar hannu. Sun kama. To wa zai kama musu huhu?

Mu kanmu ba mu tsira daga laifi ba, mu 'yan sana'ar. Yaro ya sa takunkumi a wurin aiki, manya su ce masa likita ko ɗan gayu, kunya ta sa ya cire. Wanda ya daure ma shuɗin nan na zamanin korona yake sawa, wanda gefe da gefensa a buɗe yake, ƙurar na shiga yadda take so. Wasu su ɗaura tsohuwar singileti a fuska su ce sun kare kansu. Mai saye kuma ya zo ya shafa jita ya ce kai, santsi kamar ta waje, sannan ya taya ta rabin kuɗi, bai san santsin nan da ƙirjin wa aka biya shi ba. Ka je asibiti da tari a tambaye ka ko kana shan taba, ka ce a'a, a rubuta maganin mura a kira na gaba. Ba wanda zai ce maka, Malam, wane aiki kake yi?

Don haka masu jita a wurina ku ji da kyau. Na hana yaran nan taɓa injin samfefa daga yau. Abin da ya zama dole ni zan goge shi da hannu a waje, da sassafe, iya abin da ƙirjina zai ɗauka, har sai na samu matata ta gaskiya da takunkumi mai kama fuska. Aiki zai yi jinkiri sosai. Wanda ba zai iya jira ba ya zo ya karɓi kafin alƙalaminsa, zan ba shi cif ba tare da na nuna masa wata takarda a jikin ƙofa ba.