Korona ta wuce, amma haushin allurarta kan jarirai yake sauka

Akwai wani dattijo a layinmu nan Tudun Wadar Zariya, tsohon tela ne, kowa Baba yake ce masa. A 2021 da aka fara allurar korona duk unguwar ba wanda ya kai shi zafi, ya rantse ya maya ko ɗaure shi za a yi ba mai tsira masa ita. Kullum bayan la'asar yana kan benci ƙofar shago da waya a kunne yana sauraron saƙonnin WhatsApp, wai duk wanda aka yi wa shekara biyu zai yi ya mutu, wai cokali yana mannewa a damtsen mutum, wai so ake a rage mu. Sai ga 2022, babban ɗansa ya biya masa kujerar Makka. Shekara biyu kenan Saudiyya ba ta karɓi alhazan waje ba, da ta buɗe kuma sai ta kafa sharaɗi, dole mutum ya kasance ƙasa da shekara 65 kuma dole ya yi allurar korona cikakkiya. Allah ya taimaki Baba shekarunsa ba su kai ba. Wallahi da idona na gan shi ya naɗe hannun riga a layi, aka yi masa ta korona, aka yi ta sanƙarau, ga katinsa na shawara a aljihu yana ta lallaɓa shi kamar takardar fili. Da ya dawo na ce Baba ya aka yi haka? Ya harare ni ya ce, "Kai yaro, wannan ai ta Makka ce."

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ruwan da ke cikin kwalbar ɗaya ne, ma'aikaciyar da ta tsira masa ma wataƙila ita ce dai wadda ya kora daga ƙofar gidansa bara. Wanda ya nema ne ya canza, da kuma abin da Baba zai samu in ya miƙa hannu. Shi ya sa in na ji 'yan boko irinmu suna cewa jahilci ne ya hana mutanenmu karɓar allurar sai in ga sun yi wa maganar gaggawa. Mutanen nan da lambar agana a damtsensu suka girma, sun ga yadda agana ta ɓace daga duniya gaba ɗaya a 1980, ba baƙin allura ba ne. Yarda ce ba su yi ba, kuma in za mu faɗi gaskiya an ba su dalili, ba ɗaya ba ba biyu ba.

Mu tuna yadda abin ya zo mana. Ƙarshen Maris 2020 gwamnatin Kaduna ta kulle jiha, kwana biyu tsakani gwamna El-Rufai da kansa ya sanar ya kamu. Aka shafe wajen kwana 75 a haka, azumi gaba ɗaya a kulle, ba Juma'a ba tarawih ba tafsiri, sallar Idi ma a gida aka yi. Ni ban ce kullen ba shi da tushe ba fa. A Afrilun nan ne aka yi ta binne manyan mutane a Kano ba ƙaƙƙautawa, Abba Kyari shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa shi ma ya rasu a Legas ranar 17 ga watan, kuma mu Zariya tsakaninmu da Kano ai kamar ɗaki da falo ne, motocin Kwangila ba sa hutawa. Addini ma bai bar mu a duhu ba, hadisi ne ingantacce cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kar ku shiga, in ta ɓarke kuna ciki kar ku fita, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce gudun ƙaddara yake sai ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Asalin killacewa namu ne. Matsalar ita ce an kulle mai facin taya da mai tura baro a kasuwar Sabon Gari da mai sai da awara, mutanen da sai sun fita suke ci, ba a aje musu komai ba. Ni kaina an tare ni a wani shinge cikin gari na fito neman maganin hawan jini na mahaifiyata, na nuna takardar asibiti ba wanda ya kalla, sai da na ba da ɗari biyar, a gabana kuma wata mota mai baƙin gilashi ta wuce ana sara mata. Can a Oktoba sai ga bidiyo daga jihohi daban daban, jama'a na fasa rumbuna suna fito da buhunan shinkafa da katan katan na taliya, tallafin korona ne da aka jibge ba a raba ba. To mutumin da ya ga wannan, wata biyar bayan nan ka zo masa da allura kyauta ka ce don kana ƙaunarsa ne, me kake so ya ce?

Kuma akwai tsohon miki. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su ba maganin ba, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake ba, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Trovan ba riga-kafi ba ne, maganin ƙwayoyin cuta ne, amma wa zai tsaya bambance wannan a majalisar mai shayi? Sunan kamfanin kawai mutane suka riƙe, sai kuma ga sunan a jikin ɗaya daga cikin kwalaben korona. Wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Turawan ma ba su taimaki masu wayar da kai ba ko kaɗan. Allurar farko ta iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ta shirin COVAX mai samar wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi allurar, kusan miliyan 4 ta AstraZeneca, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, lokacin su can sun riga sun saye fiye da abin da suke buƙata. Da suka tashi kyauta kuma sai suka riƙa turo wadda ta kusa lalacewa, har a Disamba 2021 hukumar lafiya matakin farko ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib ta kwashi sama da miliyan ɗaya ta kai juji a Abuja aka bi ta kai da katafila. Hukumar ta yi daidai da ta lalata a bainar jama'a, amma hoton da ya zauna a kan mutane shi ne ragowa ake kawo mana.

Sai maganar Omicron, sabon nau'in korona, wadda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ita ƙwayar cuta kwafin kanta take yi a jikin mutum, wajen kwafin takan yi kuskure, yawancin kuskuren ba ya komai, wani kuma sai ya sa ta fi saurin yaɗuwa, shi ne ake cewa sabon nau'i ya fito. Duk inda cuta ke yawo da yawa nau'i zai iya ɓulla, ba ruwansa da fasfo. Masanan Botswana da Afirka ta Kudu ne suka gano wannan a Nuwamba 2021, suka yi abin da ya dace suka sanar da duniya, hukumar lafiya ta duniya ta raɗa masa suna ranar 26 ga watan. Tukuicin da aka ba su shi ne rufe musu ƙofa. Daga baya Holan ta duba samfuran da ta ɗauka tun kafin sanarwar ta tarar nau'in yana cikin ƙasarta tuni, amma Ingila da Amurka ba su hana jirgin Holan sauka ba. Ranar 6 ga Disamba Ingila ta jefa Najeriya cikin jan jerinta na ƙasashen da ta hana baƙi shigowa daga cikinsu, ƙasashe 11 duk na Afirka, wanda ke da izinin zama can in ya koma sai ya biya fam 2,285 na killacewar kwana goma a otal. Jakadanmu a Landan na lokacin Sarafa Tunji Isola ya kira abin wariyar launin fata ta tafiye tafiye. Ranar 15 ga Disamba suka soke jerin da kansu don nau'in ya riga ya cika Landan, kwana tara kenan. A 'yan kwanakin nan akwai malaman ABU da likitocin Shika da ɗalibai masu karatu a can da tafiyarsu ta wargaje a banza. Saudiyya ma ta dakatar da jiragenmu a watan, masu shirin Umara suka zauna da biza a hannu. Wannan kam ban ga yadda za a kare shi da kimiyya ba, tsoro ne da siyasa, kuma a kan wanda ba zai iya ramawa ba aka sauke.

Namu jami'an su ma da nasu laifin. Da aka ce daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikacin tarayya ba zai shiga ofis ba sai da kati ko gwaji, kasuwar kati ce ta buɗe, na san waɗanda suka biya kuɗi aka rubuta musu ba tare da allura ta taɓa fatarsu ba. Sannan aka riƙa magana kamar allurar ba ta da illa ko ɗaya, alhali tun Maris 2021 wasu ƙasashen Turai sun ɗan dakatar da AstraZeneca saboda daskarewar jini da aka gani a mutane ƙalilan ƙwarai. Da an fito an ce eh akwai, ga ƙarancinsa, ga alamominsa, ga kuma haɗarin cutar kanta ga tsoho mai ciwon suga, da an fi samun kunne. Da kamfanin ya janye allurar daga kasuwa a 2024 yana cewa buƙatarta ta ragu don an samu sababbi, Baba har gida ya aiko a kira ni, ya ce to ɗan boko ka ji ko? Na ce Baba ai kai ma an yi maka, ga ka nan shekara biyu ta wuce kana cin tuwo. Ya ce tsarin Allah ne. Na ce haka ne.

Duk wannan na yarda da shi, kuma ba zan ce wa kowa ya daina jin haushi ba. Inda na rabu da su Baba shi ne wurin da haushin ke sauka. Mun taɓa yin irin wannan a 2003, lokacin da aka ce ɗigon shan inna yana hana haihuwa, Kano ta dakatar da shi kusan shekara guda sai a Yulin 2004 aka dawo bayan an kawo na Indonesiya. Ba ɗan Bature ko ɗaya da ya shanye saboda wannan ƙauracewar, 'ya'yanmu ne, kuma cutar ta tsallaka daga nan zuwa ƙasashe kusan 20. Ka tsaya a PZ ko Ƙofar Doka ka ga samarin da ke tafiya kan allon taya da takalmi a hannu, ka ƙiyasta shekarunsu. Sai 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji, muna tsakiyar rigimar korona ko murna ba mu yi ba, kuma matan unguwa masu yawo gida gida da akwatin ƙanƙara ne suka yi aikin, har an harbe tara daga cikinsu a Kano a Fabrairun 2013.

Yanzu korona ta lafa, tun 5 ga Mayu 2023 aka cire ta daga matakin gaggawa na duniya, ba mai tambayarka kati a filin jirgi. Amma saƙonnin nan na WhatsApp ba su mutu ba, riga suka canza, suka koma kan allurar jarirai. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiya, ya kashe yara da yawa kuma mafi yawansu ba a yi musu riga-kafi ba. Mashaƙo fa, cutar da maganin hana ta ke cikin allurar penta da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14, kyauta a asibitin sha ka tafi na unguwa, allurar da aka fi shekara nawa ana yi tun kafin a san wata aba wai korona. Haushin kaza huce kan dami kenan. Ministan Ingila da ya sa mu a jan jeri bai san ma an yi ba, yaron da maƙogwaronsa ya toshe a Tudun Jukun shi ke biya.

In haushin na gaske ne akwai inda ya kamata a kai shi. Ƙasar nan ta taɓa yin allurarta da kanta, ɗakin gwajin Yaba a Legas ya yi ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare tun wajen 1940 har aka rufe shi a 1991 da sunan gyara. A Vom ta jihar Filato har gobe ana yin ta dabbobi. Wato saniya tana da riga-kafin gida, ɗan mutum sai an roƙo masa. Afirka gaba ɗaya kusan kashi 1 cikin 100 na allurar da take amfani da ita take haɗawa, Tarayyar Afirka ta ce tana son kaiwa kashi 60 nan da 2040. Ga mu da tsangayar haɗa magunguna da ta likitanci da ta likitan dabbobi a Samaru da Shika, yaranmu na gamawa suna tafiya Saudiyya da Ingila aiki. Ban taɓa jin an tare ɗan takarar sanata ko na majalisar wakilai a Zariya an tambaye shi maganar Yaba ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Watan jiya matar ƙaramin ɗan Baba ta haihu, namiji. Bayan suna na ji ana ƙus ƙus a gidan, ita tana so ta kai shi awo a yi masa ta sati shida, Baba ya ce ba da jikansa ba. Uwargidansa, Hajiya, ba ta ce masa uffan ba. Ranar Talata da safe ina fitowa da babur sai na gan ta ta saɓa jaririn a kafaɗa cikin mayafi, mai jegon na biye da ita da katin a cikin leda. Na ce Hajiya ina zuwa da sassafe haka? Ta ce barka za mu je Gyallesu, in Babanku ya tambaya haka za ka ce masa. Ta tare Keke Napep suka shiga, na ji tana ce wa direban asibiti.