Kamfanin haɗa manhaja: awa muke sayarwa ko aiki?

A ƙarshen shekarar da ta gabata na halarci taron tsara makomar kamfanin da nake yi wa aiki, wanda ba shi da manhajar kansa a kasuwa, sana'arsa ita ce karɓar kwangila ya gina wa wasu tasu. Ana cikin haska shafuka a bango sai na gane wani shafi da na taɓa gani shekaru uku da suka wuce, da launinsa da zanen kibiyarsa mai kallon sama, sai dai a wancan karon Metaverse, wato duniyar intanet da ake shiga kamar ta zahiri, aka rubuta a kansa, yanzu kuma an goge an sa ƙirƙirarriyar basira (AI). Babu wanda ya tambayi inda aka kwana da injiniyoyi huɗun da aka ware wa waccan fasaha, ko nawa suka shigo da shi kafin a raba su a wasu ayyukan, ni ma ban tambaya ba a lokacin.

Ra'ayina shi ne jera sunayen fasahohin da ake yayi ba tsari ba ne. Tsarin dogon zango a irin kamfaninmu dole ya faɗi aikin da za mu riƙa karɓa, da wanda za mu ƙi ko da akwai kuɗi a ciki, da yadda za mu yanka farashi, da mutanen da za su yi aikin nan da shekara biyar.

Ba ina cewa kowane yayi holoƙo ba ne. Da Amazon ya fara ba da hayar ma'ajiyar bayanai da ƙarfin kwamfuta ta intanet a 2006, ya sauya lissafin kowa, domin mai ba da aiki ya daina buƙatar sayen injinan kansa kafin manhajarsa ta fara aiki. Da iPhone ta fito a 2007, kasuwar manhajojinta ta biyo baya a 2008, abin da kwastoma yake zuwa nema ma ya canza. Amma waɗanda suka tara ƙwarewarsu kacokan a kan Flash, fasahar nuna bidiyo da wasanni a shafukan intanet, sun ga Adobe ya rufe shi a ƙarshen 2020, waɗanda suka bi wayoyin Windows sun ga Microsoft ya janye hannunsa a 2019, haka kuma Google ya daina kula da AngularJS, kayan gina shafukan intanet, a ƙarshen 2021. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: shin fasahar ta rage wa mai biyanmu kashe kuɗi ko ta buɗe masa hanyar samu, ko kuwa taken tarukan masana kawai ta sauya? Akwai ma abin da masu tsara shafuka ba sa son ambata saboda ba shi da ƙyalli, wato mutuwar fasaha ita ma kwangila ce, tunda dole wani ya kwashe kayan daga tsohon gida zuwa sabo. Manyan kamfanonin Indiya irin su TCS da Infosys da Wipro sun samu shiga kasuwannin Amurka da Turai sosai ta hanyar aiki mai gundura, gyaran kwanan wata a tsofaffin manhajoji gabanin shekara ta 2000, da yawansu an rubuta su da COBOL, harshen rubuta manhaja da aka ƙirƙira tun 1959.

Idan aka ɗora ƙirƙirarriyar basira a kan wannan ma'auni, ta ci jarrabawar. GitHub Copilot, mai taya injiniya rubuta manhaja, ya bayyana a 2021, ChatGPT ya fito ranar 30 ga Nuwamba 2022, ni kuma kusan kullum ina amfani da irin waɗannan kayan aiki, suna rubuta mini gwaje-gwaje da sassan manhaja masu maimaituwa waɗanda a da suke cinye mini rabin yini. To amma a nan ne gizo yake saƙar, domin yawancin kamfanoni irin namu awa suke sayarwa. Ana ƙirga injiniyoyi nawa ne, awa nawa kowannensu ya yi, a ninka da farashin awa, a tura wa kwastoma takardar biya. A ɗauka, a matsayin misali kawai, aikin da yake cin awa 100 ya dawo yana cin 70. Kamfanin ya ƙara ƙwazo ke nan, amma kuɗin shigarsa a kan wannan aiki ya ragu da kashi 30 cikin 100, ga kuɗin rajistar kayan aikin da yake biya duk wata a kan kowane ma'aikaci. Wato kibiyar da aka zana tana kallon sama, a littafin akanta ƙasa take kallo.

Hanyoyin fita ba su da yawa. Ana iya yin shiru a ci gaba da rubuta awa 100, wanda ha'inci ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, tunda kwastoman ma yana da waɗannan kayan a kwamfutarsa kuma ya san abin da suke iya yi. Ana iya neman ƙarin kwastomomi don cike giɓin, amma kowane abokin hamayya abin da yake nema ke nan. Ko kuma a daina sayar da awa a koma yanka farashi a kan kammalallen aiki, inda saurin da aka samu zai zama ribar kamfani. Wannan ta ukun nake goyon baya, sai dai tana da nauyi, domin haɗarin kuskuren ƙiyasi ya tashi daga kan kwastoma ya dawo kanmu, kuma wanda bai san harkar kwastomansa ciki da waje ba ba zai iya yanka farashin da ba zai karya shi ba. Saboda haka sauya farashi yana tilasta zaɓen fage, ko harkar banki ko asibiti ko jigilar kaya, a zauna a kai har a san dokokinsa da wuraren da ayyuka suke yawan cijewa, a kuma haƙura da sauran.

Batun ma'aikata ya fi damuna. Ƙananan ayyukan da sabon injiniya yake koyon sana'a da su, su ne na'ura take yi yanzu cikin minti ɗaya. Kwanakin baya wani matashi a tawagarmu ya kawo mini aikinsa in duba, komai yana tafiya daidai, sai na nuna masa wani layi da yake ɗauko bayanan kwastoma ba tare da tantance wanda ya nema ba, na tambaye shi dalilin sa shi a nan. Ya yi shiru, sannan ya ce haka na'urar ta ba shi. Ban ga laifinsa ba, domin mu ne muka ba shi wa'adin kwana biyu ba mu haɗa shi da wanda zai zauna kusa da shi ba. Na gano matsalar ne saboda na taɓa yin irin kuskuren da hannuna na sha wahalar gyara shi. Idan kamfanoni suka daina ɗaukar sababbi saboda na'ura ta fi araha, ban san daga ina za a samo masu dubawa nan da shekara biyar ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kula da abin da aka riga aka gina ma yana neman layinsa a kasafi. Tun 1992 masanin manhaja Ward Cunningham ya kwatanta rubuta manhaja cikin gaggawa da bashi mai kuɗin ruwa, kuma na'urar da take rubutu da sauri tana iya tara bashin da sauri. A Disamban 2021, da aka gano ɓarakar tsaro a Log4j, wani ɓangare da ake sakawa cikin manhajoji da yawa, kamfanoni da yawa sun kwashe kwanaki suna neman inda ma suka yi amfani da shi. Ga kuma doka: ta kare bayanai ta Tarayyar Turai tana aiki tun Mayun 2018, ta ƙirƙirarriyar basira ta fara a Agustan 2024, don haka injiniyan da ya kwafi bayanan kwastoma ya zuba wa wata na'ura a intanet yana iya jawo wa kamfani abin da ribar shekara ba za ta biya ba.

Wasu abokan aiki suna cewa tun da mutum 17 suka fitar da ƙa'idojin Agile, wato gina manhaja kaɗan-kaɗan a gajerun zagaye, a jihar Utah ta Amurka a 2001, zamanin dogon tsari ya wuce. Ban yarda ba, domin zagayen mako biyu yana gaya maka abin da za ka gina gobe, ba ya gaya maka kwangilar da ya kamata ka ƙi. Kayan aiki a sake duba su duk wata uku, a gwada sabo da ƙaramin kasafi da ranar tsayawa a rubuce, amma fage da farashi da rainon mutane sai an yi shekaru a kansu.

Kafin a tashi daga taron na nemi izini na tambaya ko nawa ne daga cikin kuɗin shigarmu na bara ya fito daga lissafin awa. Mai kula da kuɗi ta ce kusan duka. Bayan muhawarar da ta cinye lokacin da aka ware wa shafuka uku, aka amince a gwada yankakken farashi a kan kwangila biyu a bana, a kuma haɗa kowane sabon injiniya da babba na tsawon wata shida ba tare da an caji kwastoma awannin ba. Shafin mai kibiya yana nan a cikin kundin, ba a cire shi ba.