Ragon Inna da Kiɗan Ɗan Masaƙa

Gardamar a fada, majalisarmu ta shayi, ta fara, kuma abokina tela ne ya tono ta. Ni da shi a unguwar Birni ta Damagaram muka taso, tun muna 'yan lakwal cutarmu ɗaya: tsofaffin wasannin kwamfuta, irin waɗanda in samarin yanzu suka leƙo sai su tambaya ko allon ne ya lalace. Wanda ya fi shiga ranmu shi ne Loom, na kamfanin Lucasfilm, wanda ya fito a 1990. Labarin wani yaro ne ɗan masaƙa, Bobbin Threadbare, ba takobi ba bindiga, sai sanda. Da ita yake buga sauti huɗu a jere, abu ya faru. Mi, do, mi, re, abin da ke rufe ya buɗe. Ka juya su daga ƙarshe zuwa farko, ya rufe. Akwai na rina abu kore, wanda in an juya shi abin ya koma fari. Wasa ne da kunne ke bugawa, a matakin gwanaye ma ba a rubuta maka ko harafi, sai abin da ka ji.

Da muka girma muka sami 'yan canji, kowa ya sayi nasa, da katin bankin wani ɗan'uwa da ke Yamai. Tela ya saya a Steam, wani kantin wasanni na intanet, inda ake sayar da shi tun 2009. Ni na saya a GOG, wani kantin daban, don suna ba ka fayil ɗin ka zuba a kile ka sa aljihu, ko da rezo ko babu. Shi ke nan sai wata daren Alhamis, ana jiran shayi na biyu, tela ya gyara zama ya ce kiɗan nasa ya fi nawa zaƙi.

"Mutumina," na ce, "kai allura ka sani. Bar wa masu kunne zancen kiɗa."

Ina da hujja kuwa. Nawa da ScummVM yake tafiya, manhajar da aka fara a 2001 don tayar da irin waɗannan wasanni a kwamfutocin zamani, kuma a cikin saitinta akwai jerin na'urorin sauti, ka zaɓi wadda ka ga dama. Na miƙe tsaye na yi wa fada darasi. Na ce a da can kwamfuta ba ta zuwa da murya, sai wata 'yar ƙaramar lasifika mai tsiwa da ke fitar da sauti ɗaya tak a lokaci guda. Mai hali ya sayi katin sauti na AdLib na 1987, mai ɗauke da guntun Yamaha, muryoyi tara a tare. Attajiri kuma ya sayi akwatin Roland MT-32, shi ma na 1987, wanda makaɗa na gaske ke aiki da shi. "To duk ukun nan," na ce, ina buga ƙirji, "suna cikin tawa. Kai me kake da shi?"

Aka yanke a gwada. Wani ɗan kabu-kabu ya ara mana lasifikarsa ta Bluetooth, mai dafa shayi ya zama alƙali. Na sa AdLib, kiɗan Tchaikovsky ya tashi, don duk kiɗan wasan daga wajen wannan mutumin Rasha aka ɗebo shi. Jama'a suka gyaɗa kai, aka ce ba laifi, amma da ɗan rama. Na koma saiti na sa MT-32. Kafin a kai ko'ina alƙali ya ajiye buta ya ce, "Kai! Yanzu na ji kiɗa. Wannan da maiƙo." Wani ma ya rantse ya ji goge a ciki wanda babu shi ɗazu. Tela ya kunna nasa, aka ce ya fi AdLib amma bai kamo ƙafar Roland ba. Ya tafi gida yana ƙunƙuni, ni kuwa aka ba ni kofin farko na shayi na uku, abin da ba a taɓa yi ba.

Sarautar tawa ba ta yi tsawon rai ba. Ɗiyar yayata, da ke karatu a Jami'ar André Salifou, ta zo gaida Inna ta tarar ina sake gwajin a tsakar gida, na rufe ido ina lilo da kai. Ta tsaya ta saurara, sannan cikin ladabi ta ce, "Kawu, ara mini minti ɗaya." Ta shiga saitin ta zaɓi wurin da aka rubuta babu kiɗa sam. Ta kunna. Tchaikovsky ya tashi garau, da maiƙonsa da gogensa.

Wai ashe abin da kantunan biyu ke sayarwa abu ɗaya ne: fitowar faifan CD ta 1992, mai launi 256, wadda mutanen ciki ke magana da baki. A wannan fitowar ba kwamfuta ke kaɗa kiɗan ba. An riga an naɗe komai, magana da kiɗa da ƙarar sanda, a jere cikin dogon sauti guda, wasan sai dai ya tsallaka inda yake so ya kunna. Kuma da yake faifai ba ya ɗaukar abin da ya wuce wajen minti 74, sai da aka datse zantuka da yawa, aka cire mafi yawan hotunan fuskokin da ake nunawa kusa. Duk murɗe-murɗen da na yi a fada, in ji ta, kamar mai murɗa kan famfo ne ranar da ba a sako ruwa ba. Wanda ke sauraron katin sauti shi ne na asali, na faifan flofi, mai launi 16.

Na ce mata yaran zamani ba ku da kunne, kuma zancen nan ya tsaya tsakaninmu. Kafin la'asar ya kai shagon tela.

Allah ya sa yayan tela tsohon akawu ne, irin mutanen da ba sa yar da ko tsinken ashana. Shi ne ma ya fara nuna mana wasan muna yara, kuma tun tuni ya kwafe flofinsa ya adana. Muka je muka durƙusa, ya yi mana wa'azin riƙon amana, ya ba mu. A nan ne bambanci ya fito na gaskiya. AdLib ya zo da wata murya siririya mai ƙarar ƙarfe, wadda ni dai har yau ita ce kiɗan wasan a wurina, kuma ga zantukan nan cikakku a rubuce, ga fuskoki. Roland ya ƙi cewa uffan, don manhajar da ke kwaikwayonsa sai an ba ta wasu fayiloli na cikin akwatin asali, mu kuwa hoton akwatin kawai muka taɓa gani a waya. Sai 'yar lasifikar tsiwa. Daren da na gwada ta an ɗauke kuran, gari ya yi tsit, Inna ta fito da tocila da takalmi a hannu tana neman gyaren da ya hana ta barci. Na rage sauti na taya ta nema.

Duk wannan abin, autana yana gefe. Ɗan shekara shida ne, ba ya magana, ido kawai. Ya fi son wurin makiyaya, inda wani dodo mai fuka-fukai ke zuwa yana sure tumaki, sai Bobbin ya buga sautin rini, garken duka ya koma kore, ya saje da ciyawa, dodo ya zo ya rasa abin ɗauka ya sure Bobbin ɗin. Kullum sai ya ce, "Baba, sake." Ni ma ina jin daɗi, ina cewa ga magaji.

Saura kwanaki kaɗan Babbar Salla. Inna na da rago fari sol, wanda ta yi wata da watanni tana ba shi dusa da harawa, ba wanda ke taɓa shi sai ita. Tana kuma saƙa faifai, don haka ba a raba ɗakinta da ƙullin galurar rina kaba, ja da kore da ruwan ɗorawa, daga Kasuwar Dole.

Na dawo daga aiki na ji salati tun daga zaure. Ina shiga na ga ragon a tsaye, daga wuya zuwa gindi kore shar, kai kaɗai ya rage fari, yana tuƙa abinsa hankali kwance. Yaron na gabansa da muciyar tuwo, hannuwa kore har gwiwa. Bayaninsa bai da tsawo: ya ji ana ta zancen ɓarayin raguna a unguwa. Ya rera wa ragon sauti huɗu bai canza ba, shi ne ya taimaka masa da galura.

"Kai," in ji Inna, ba yaron take kallo ba, ni take kallo. "Wannan karatun wa ya koya masa?"

Yaron ya ce kada Kaka ta damu, ai juyawa ake yi. Ya ɗaga muciya ya rera daga ƙarshe zuwa farko, da iyakar muryarsa. Muka tsaya, har da ni, Allah ya sani, muna kallon ragon. Ragon ya yi atishawa.

Aka aika wa kawuna, wanda ya yi karatun littattafai, ya zo ya zagaya dabbar, ya duba ido, ya duba ƙafa da kunne, ya ce launi ba ya cikin aibobin da ke hana layya, sannan ya fita waje ya yi dariyar da muka jiyo daga ciki. Inna ta ce ita ba fatawa ta nema ba, farin rago ta saya, farin rago za ta yanka. Ta ɗauki kwamfutata ta kulle a akwatin kayan aurenta, ta ɗaure makullin a bakin zane.

Galurar kaba kuwa ba don wasa aka yi ta ba. Wanki na farko da omo ya mayar da shi kore mai haske. Na biyu ya ba da wani launi da ba shi da suna. Matan unguwa suka riƙa shigowa aron taɓarya da ba sa bukata, wata ta tambayi Inna ko sabon iri ne, Inna ta ce e, daga Amurka ɗanta ya yo odarsa. Ruwa kuma a Damagaram kowa ya san ba a wasa da shi, kafin jajibiri kuɗin da na ba mai garuwa ya ninka kuɗin wasan har da na tela a haɗe. Da ya sauke jarkokin ƙarshe ya leƙa ragon, ya leƙa ni, ya ce, "Alhaji, gobe in zo da kura ɗaya ko biyu? Don cikin nan nasa ba a ma fara ba."