Ɗan sanda abokin kowa, amma na Turawa

Aikin dare nake yi a wani gidan kula da tsofaffi a Liverpool. Akwai wani dattijo da ya doshi casa'in, barci ba ya ɗaukarsa da wuri, sai ya ce in kamo masa tashar da ke maimaita shirye-shiryen zamanin samartakarsa, na baƙi da fari. A ɗakinsa na san Dixon.

BBC ce ta fara nuna Dixon of Dock Green a 1955, ba a daina ba sai 1976. Jack Warner ne ya fito a Dixon, ɗan sandan shirin, kurtu mai sintiri a ƙafa a wata unguwa ta Landan, ya san kowa, ya san uban kowa. Yakan tsaya ƙarƙashin shuɗiyar fitilar ofis, ko da yake a akwatin babu shuɗin da za ka gani, ya sara wa masu kallo, ya yi musu barka da yamma. In an gama kuma ya dawo ya yi nasiha kamar mai unguwa. Abin dariya, an riga an harbe Dixon ɗin nan har lahira a wani fim na 1950, amma da aka ga jama'a na sonsa sai aka taso da shi. Jack Warner yana da shekara 80 yana sanye da kaki a shirin.

Na Amurka daban yake. Shirin Dragnet ya faro daga rediyo ya shigo talabijin a 1951, Jack Webb ya fito a Saje Joe Friday na Los Angeles. Ba fara'a, ba hira. Ya faɗi rana, ya faɗi ƙarfe nawa, ya yi tambaya, ya rubuta. Labaran daga takardun shari'o'in rundunar birnin ake ɗebo su, a sauya sunaye, rundunar kuma tana da ta cewa a kan abin da zai fita.

Ni dai da na ƙare musu kallo, talla na gani, ɗaya da murmushi ɗaya da ɗaure fuska. Sai na tuna rubutun da muka taso muna gani a bangon caji ofis a gida: ɗan sanda abokin kowa, beli kyauta ne. Ashe su ma Turawa sun yi nasu rubutun bangon, a talabijin suka yi shi kawai.

Wanda ya burge ni shi ne Z-Cars, da BBC ta fara a 1962, shekarar da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna. Garin da ke cikin labarin Kirkby aka kwaikwaya, nan kusa da mu. 'Yan sandansa a mota suke yawo, suna shan barasa, wani na cacar sukuwa, matar wani ta fito da kumburarren ido. Manyan 'yan sandan Lancashire, yankin da Kirkby ke ciki a lokacin, suka fusata, suka yi ƙorafi. Shirin bai tsaya ba sai 1978, kuma har gobe da kiɗansa 'yan wasan Everton ke fitowa fili.

Wannan ne ban cika gani a finafinanmu na Hausa ba. Ɗan sanda ko dai ya zo ƙarshen fim da ankwa bayan komai ya lalace, ko a mai da shi abin barkwanci. Ban da ɗan sanda mutum, mai iyali da bashin mai shago, wanda yau ya yi gaskiya gobe ya karɓi na goro, a bar mai kallo ya yanke masa hukunci da kansa.

Na faɗa wa dattijon nan ra'ayina, ya ce a kai kasuwa, shi Dixon ne nasa. Daga cikin kashi 432 da aka yi, talatin da 'yan kai ne suka tsira, sauran BBC ta goge ko ba ta adana ba. Don haka waɗanda muka kalla muke ta maimaitawa. Duk sanda Dixon ya sara, shi ma sai ya ɗago hannu daga cikin bargo.