A bar wa rekod ɗigonsa

Daren jiya ina rubuta wa wani dillalin albasa na nan Sakkwato 'yar manhaja da yaren kwamfuta na Haskell. Rekod ɗin buhu, wato tarin bayanansa wuri ɗaya, yana da gurbi mai suna gari, na dillali ma haka. Ina haɗawa GHC, manhajar da ke fassara Haskell zuwa yaren na'ura, ya ce atafau, gari biyu ba za su zauna fayil ɗaya ba.

Dalili kuwa, a Haskell na asali kowane gurbi fankishin ne mai cin gashin kansa, wato abin da kake miƙa wa bayani ya dawo maka da amsa. Ba ka rubuta buhu.gari, sai dai gari buhu. Shi ya sa za ka ga mutane suna ta laƙabi, buhuGari, dillaliGari, tamkar gidan da aka raɗa wa yara uku Muhammadu.

Abin dariya, tsarin nan ya fi kusa da bakinmu. Mu ma "garin dillali" muke cewa, abu a gaba, mai shi a baya. Yaren Standard ML ma haka yake, #gari buhu. Amma wallahi duk da haka ɗigo nake so. In na rubuta buhu.dillali.gari, idona yana bi daga hagu zuwa dama kamar yadda nake tunanin abin, kuma da na ɗiga ɗigon manhajar rubutu ta san abin da za ta jero mini. Ta ɗayar hanyar sai na fara da ƙarshe, in yi ta buɗe baka, kamar gari (dillali buhu).

Matsalar ita ce Haskell ya riga ya aurar da ɗigon tun farko, shi ke haɗa fankishin biyu, f . g. Sai a 2016 GHC 8.0 ya ba da damar maimaita sunan gurbi, sannan a 2021 GHC 9.2 ya kawo OverloadedRecordDot, zaɓin da ke ba ka damar rubuta buhu.gari. To ga kuɗin da aka biya: in ka kunna shi, f.g daban, f . g daban. Tazara ɗaya tak ke sauya ma'ana! Je ka bayyana wa ɗalibi wannan da azahar a watan Afrilu.

Yarukan Elm da PureScript sun yi dabara, suka bar wa rekod ɗigo, haɗa fankishin suka ba shi << da <<<. Masu amfani da laburaren lens na Haskell za su ce ai alamarsa ta ^. ta wadatar. Na ji, amma duba garin da buhu ya fito bai kai a ɗauko laburare guda ba.

Na dai kunna ɗigon, dillali na jiran lissafinsa kafin motar Legas ta tashi.