Wanka a Tsaye, Alwala a Karkace

Duk wanda ya taɓa zaɓen ɗaki a jirgin ruwa na shaƙatawa ya san irin hotunan da ake nuna wa mutum: gado an ja masa farin zani, labule a yaye, teku shimfiɗe har iyakar ganin ido. Babbar 'yata da ke aiki a Ingila ce ta turo min su ta WhatsApp, ta ce ita da maigidanta sun yanke shawara ni da mahaifiyarta mu je mu huta a Bahar Rum. Ɗakunan kashi 4 ne. Akwai na ciki marar taga ko ɗaya, akwai mai taga da ba ta buɗuwa, akwai mai baranda, sai na manya mai falo. Na ce mata ni ba a rufe ni a ɗaki marar taga da raina, a kama mana mai baranda, in kuɗin sun haura zan cika. Na cika kuwa. Ta ƙara da cewa, "Abba, na zaɓar muku can sama, ta gaban jirgi, kallo ya fi daɗi." A cikin hotunan nan kaf babu na banɗaki, don mai ɗaukar hoton da kyamararsa ba za su shiga tare ba.

Ni kuma Allah ya hore min jiki. Telana yana ƙara yadi ba tare da ya tambaye ni ba.

A Barsalona muka hau. Jirgin ya haura mita 300 a tsawo, bene kan bene, gari ne guda a kan ruwa. Ɗakinmu bai wuce murabba'in mita 17 ba, amma tsaf yake, har Hajiya ta yaba. Na ga wata siririyar ƙofa kusa da mashiga, na ce bari in rataye babbar rigata. Ina buɗewa na ga masai yana kallona.

"Hajiya, zo ki ga inda aka ajiye masai a cikin kabad."

Ta leƙo ta ƙarƙashin hammatata, ta ce, "Alhaji, banɗakin ke nan."

Akurkin kajin da ke bayan gidanmu a Kano ya fi shi sarari, kuma su kajin ba a karɓi kuɗin baranda a wurinsu ba. Kwanon wanke hannu, masai da wurin wanka duk suna cikin abin da bai fi murabba'in mita 2 da 'yan kai ba. An cika bango da madubi don ido ya ga kamar da faɗi, abin da ya jawo ke nan duk inda na juya sai in ga wani ƙaton mutum ya tare min hanya. Ga dokin ƙofa mai tudu, an ɗaga shi don kada ruwa ya malalo ɗaki in jirgi ya karkata. Tun muna yara aka koya mana shiga bayan gida da ƙafar hagu, saboda haka babban yatsan ƙafata ta hagu shi ya ɗauki nauyin tafiyar nan gaba ɗaya.

Wanka na farko ba zan manta da shi ba. Na shiga, na ja labule, na kunna ruwan ɗumi. Ashe in tururi ya tashi sama, iskar waje takan turo labulen ciki ta ƙasa. Sai kawai na ji wani abu mai sanyi ya manne min a baya. Na ture shi, ya dawo. Na juya in kama shi, gwiwar hannuna ta bugi famfo, ruwa ya koma na ƙanƙara. Na zabura, ɗaya gwiwar ta mayar da shi na fige kaza. Ana cikin haka sabulu ya suɓuce ya faɗi tsakanin ƙafafuna. Ina ganinsa, yana ganina, amma babu hanyar sunkuyawa. Sai da na kashe ruwa, na fito waje da kumfa, na durƙusa daga bakin ƙofa, na miƙa hannu na ɗauko shi, sannan na koma na ci gaba daga inda na tsaya. Hajiya na zaune a bakin gado tana kallon wannan shige da fice, ba ta ce uffan ba, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Ita ma nata ya zo da daddare. Masan jirgi ba irin na gida ba ne da ke tura ƙazanta da ruwa lita 6 ko fiye. Shi zuƙa yake yi da ƙarfin iska, ruwan da yake sha bai fi lita 1 ba, domin ruwan daɗin da ke jirgi yawancinsa daga na teku ake tace shi, ba a wasa da shi. Sai dai ƙarar! Hajiya ta danna maɓalli, abin ya yi shiru kamar bai ji ba, can sai ya ja wani numfashi da ya girgiza ƙofa. Ta fito a guje da salati, tana cewa jirgi ya huje, in ɗauko rigunan ruwa. Da ƙyar na shawo kanta. Akwai 'yar sanarwa a bango cewa kada a danna ana zaune, kuma kada a jefa komai ciki ban da takardar da suka ajiye, don bututun siriri ne, in ya toshe a ɗaki ɗaya sai maƙwabta su ma su shiga uku. Ni dai ban nemi ƙarin bayani a kan sharaɗi na farko ba. Kafin mu bar jirgin na haddace lokutan tashin maƙwabcinmu na dama cikin dare, mutumin da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba.

Sai batun buta. Bahaushe ba ya tafiya babu buta, tamu ta roba ce mai ratsin kore da fari, daga Kasuwar Kurmi. Mai gyaran ɗakinmu wani yaro ne ɗan ƙasar Filifin, mai ladabi, ga fara'a. Muka fita cin abinci, muna dawowa na tarar an wanke buta tas, an goge ta, an ɗora ta a kan faranti kusa da kofunan shayi, har an jera mata sukari. Na mayar da ita banɗaki. Washegari na same ta a baranda, watakila ya yi tunanin ta ban ruwan furanni ce, ko da yake babu fure ko ɗaya a wurin. Na yi masa bayani da Turancina na kasuwa, yana ta murmushi yana gyaɗa kai, da gani bai fahimci komai ba. Allah ya kawo abokin aikinsa ɗan Indunusiya, ya yi mana sallama cikakkiya, ya kalli butar, ya ja shi gefe ya raɗa masa magana. Yaron nan ya kalli kofunan shayi, ya kalle ni, ya kwashe farantin gaba ɗaya ya fita da shi.

Babbar jarrabawa ita ce alwala. Wanda ya tsara banɗakin nan ya yi lissafin mutumin da zai shiga da safe ya goge haƙori ya fita yawo. Bai yi lissafin wanda zai wanke ƙafafu sau 5 a yini ba. Fuska da hannaye babu matsala, in ka yarda rigarka ta jiƙe. Ƙafa ce aiki, don kwanon yana daidai ƙuguna.

Tsakanin Barsalona da birnin Marsel na Faransa akwai wani yanki na teku da ake kira Mashigin Liyon, inda wata iska mai suna Mistral ke gangarowa daga kwarin kogin Ron na Faransa ta tayar da ruwa. A nan asuba ta riske mu. Kuma gaban jirgi, can sama, inda aka zaɓar mana don kallo, nan ne wurin da ya fi ko'ina lilo. Na ɗaga ƙafar dama da taimakon hannu biyu na ɗora ta a kwano. Ina cuɗa tsakanin yatsu jirgi ya sunkuya. Na kama abin rataye tawul. Ya ɗago, na saki na kama labule, wanda a karo na farko da na neme shi ya ƙi tsayawa, ya biyo ni. Bayana ya bugi ƙofa, ƙofa ta buɗe, dokin ƙofa ya yi nasa aikin, na fito da baya da ƙafa ɗaya, ina tsalle, lulluɓe da labule, har sai da gado ya tare ni.

Hajiya ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Alhaji, an idar ne?"

Na ce saura ƙafar hagu.

Da gari ya waye na sa hula na nufi teburin karɓar baƙi, na ce a canza mana ɗaki mai babban banɗaki, ko nawa ne. Matar da ke wurin ta saurare ni da haƙurin wanda ya saba jin wannan kuka. Ta ce a jirginsu banɗakin ɗakin ciki da na mai taga da na mai baranda duk ɗaya ne. Ba a cikin jirgi ake gina ɗakunan ba, a masana'anta ake ƙera su ɗaruruwa, kowanne da banɗakinsa a haɗe, sannan a kai su inda ake ƙera jiragen, irin su San Nazer a Faransa, Monfalkone a Italiya, Fafenbog a Jamus ko Turku a Finlan, a zura su ɗaya bayan ɗaya. Masu bahon wanka sai ɗakunan manya, kuma sun cika. Akwai masu faɗi da aka tanadar wa masu keken guragu, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga dai da ƙafata na zo. Wato kuɗin da na cika iska na saya, ita ma Mistral.

Wani dattijon Bature da ke bayana a layi ya ji komai. Shi da matarsa a ɗakin ciki suke, ƙasa-ƙasa, tsakiyar jirgi, inda ko shayi ba ya zuba, kuma abin da ya biya bai kama ƙafar nawa ba. Tsohon hannu ne a harkar. Ya ce bangon ɗakin ƙarfe ne, shi da ƙugiyoyi masu maganaɗisu yake zuwa ya rataye kaya. Ya ce akwai igiyar shanya da ake jawowa daga bangon wurin wanka, wadda ni na ɗauka ƙararrawar neman agaji ce na ƙi taɓawa. Ya ce in rufe murfin masai in zauna a kai in zura ƙafafu wurin wanka, daga nan hannu yana kai wa ga komai. Wannan shawara ta gyara min alwala, Allah ya shirye shi. Sannan ya rage murya ya ce shi bai taɓa wanka a ɗakinsa ba. A bene na sama, wurin motsa jiki, akwai wuraren wanka masu faɗi, da manyan tawul, kyauta.

Kafin mu isa birnin Jenowa na Italiya na zama ɗan gida a wurin motsa jikin nan. Da sassafe in sa jallabiya da silifas, soso da sabulu a leda, in hau lif. Matsalar ɗaya ce, sai ka ratsa ta tsakiyar injinan gudu kafin ka kai ga ruwa, kuma akwai wani matashi mai horar da mutane, ƙirji kamar an hura, da ya ɗauka Allah ne ya kawo masa babban aiki. Ya tare ni da murna, ya karɓi ledata ya ajiye, ya ɗora ni a kan injin tafiya. Kunya ta hana ni cewa wanka na zo yi. Haka na riƙe gefen jallabiya ina taku, ina kallon gaɓar Italiya ta gilashi, ina haɗa gumi, har sai ya gamsu ya sallame ni. Kullum da kuɗin shigata ke nan. Na gwada zuwa kafin ya fito, ashe shi ke buɗe wurin.

Ranar sauka ya biyo ni har bakin lif da takarda, ya rubuta min jadawalin motsa jiki na wata 3, da jerin abincin da zan bari, tuwo dai bai san shi ba balle ya hana. Na kai hannu zan cusa ta a aljihu, Hajiya ta riga ni. Ta ninke ta, ta sa a jakarta tare da fasfo, ta ce wa yaron da Hausa, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Likitansa zan kai wa."